Hannun Ɗalibi da Idon Malami

Kowace sana'a da Bahaushe ya gada tana da abin da ake ɓatawa kafin a iya ta. Ɗan maƙeri yakan lanƙwasa lauje ta inda bai kamata ba, uban ya mayar da shi wuta a sake. Yaron tela yakan yanka yadi a karkace, a yi masa faɗa, a mayar da ƙyallen aljihu. Ita kuwa mai koyon ginin tukwane, waɗanda suka fashe a hannunta sun fi waɗanda suka kai kasuwa yawa. Duk wannan asara ce mai sauƙi, domin ƙarfe da yadi da yumɓu ba su da iyali, ba sa kuma kwana suna nishi. To, amma akwai sana'o'in da abin aikinsu jikin ɗan Adam ne. Larabawa suna da wani karin magana mai ɗaci da ke cewa a kawunan marayu ake koyon aski, wato wanda ba shi da mai tsaya masa, a kansa ake gwada kaifin aska. Tambayar da nake so mu duba tare da mai karatu ita ce: tun da dai ba makawa sai an koya a jikin mutum, me zai hana mutumin nan ya zama maraya a hannun masu koyo?

Sana'ar da ta sa ni wannan tunani ita ce wadda mutanenmu suke kira gashin ƙashi, ma'aikatan asibiti kuma su ce fisiyo. Sunan Hausar yana tuna wa mutum jar fitilar nan da akan haska wa mai ciwon baya ko gwiwa don ɗumi ya ratsa shi, shi ya sa har yau akwai majinyatan da in ba a kunna musu fitila ba, sai su koma gida suna cewa ba a yi musu komai ba. Alhali kuwa gashi ɗan ƙaramin yanki ne na aikin. Babban aikin shi ne mayar wa jiki motsin da ya rasa: wanda ɓarin jikinsa ya shanye ya koyi zama da tsayuwa da tafiya, wanda aka cire wa filasta ya sake lanƙwasa gwiwarsa, yaron da bai riƙe wuya ba a kan lokaci a taimaka masa ya riƙe, wanda ya daɗe a kwance a hana ƙirjinsa tara majina, a hana gaɓoɓinsa sanƙarewa.

A ƙasashen Turai da Amurka yaƙe-yaƙen duniya biyu da annobar shan inna ne suka raya wannan fanni, saboda yawan mutanen da suka tsira da rai amma suka rasa amfanin gaɓoɓinsu. A Nijeriya kuwa ya shigo a 1945, ta hannun wasu Turawan Ingila biyu, Manfield da Williams, a asibitin ƙashi na Igbobi da ke Legas, inda suka soma horar da mataimaka. An kafa ƙungiyar masu wannan sana'a ta ƙasa a 1959, shekarar da aka buɗe asibitin ƙashi na Dala a Kano. Jami'ar Ibadan ta fara karatun digiri a fannin a 1966, Legas da Ife da Inugu suka biyo baya, sannan aka soma horar da ɗalibai a Kano a 1989. Wata doka ta 1988 ce ta kafa hukumar da ke yi wa masu aikin rajista da ba su lasisi. Mai karatu zai lura da cewa sama da shekara 40 aka yi fannin yana ƙasar nan kafin a sami makarantarsa a Arewa, wannan kuwa yana daga cikin dalilan da suka sa har yanzu yake baƙo a garuruwa da yawa.

Ɗalibin fisiyo yakan yi aƙalla shekara 5 a jami'a. A shekarun farko yana aji da ɗakin gwaji, yana haddace sunayen ƙasusuwa da tsokoki da jijiyoyi, yana kuma duba su da idonsa a jikin gawa. Bayan haka sai a soma tura shi asibiti sanin makamar aiki, yana zagaya sassa: sashen ƙashi, sashen ƙwaƙwalwa da laka, sashen yara, sashen ƙirji da zuciya, da sashen mata. Yana ɗauke da ɗan littafin da ake rubuta duk abin da ya gani da wanda ya yi, malamin da ke kula da shi yana sa hannu. In ya gama digiri ma ba a sake shi ba, sai ya ƙara shekara guda yana aiki a ƙarƙashin manya kafin a ba shi cikakken lasisi. Hikimar wannan tsari a fili take. Gawa ba ta cewa wayyo, ba ta jin tsoron faɗuwa, ba ta jin kunya. Ranar da ɗalibi ya fara taɓa mai rai, ranar ce karatun ya sake sabuwa.

Ni malamin adabi ne, da waƙa da zube da wasan kwaikwayo nake cin abinci, ba kuma zan san ko ɗaya daga cikin abubuwan nan ba in ba don baffana ba. Shi ɗan kasuwar hatsi ne a Kontagora, mutum ne mai jiki da murya, wanda ya shekara fiye da 40 yana auna masara da dawa da wake. Cikin hunturun 2023 ya tashi zai yi alwalar asuba, buta ta kuɓuce masa, ya bi ta ya faɗi. Hawan jinin da ya daɗe yana raina wa ne ya taɓa ƙwaƙwalwa ta ɓangaren dama, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye, domin kowane ɓangare na ƙwaƙwalwa kishiyar ɓarinsa yake mulki. Allah ya taimaka bakinsa bai tafi ba. Bayan an shawo kan jinin, sai dangi suka yi abin da aka saba yi wa duk ɗan gidan da ke aiki a birni, suka ɗoro mini shi a mota. Ya yi mako biyu a kwance a wani asibitin koyarwa, sannan ya dawo gidana muna zuwa ɗakin gashi sau biyu a mako har kusan wata uku. A kan wani benci na jikin bango na zauna tsawon wannan lokaci, ina riƙe da hularsa da takalmansa, ina kallon yadda ake koyar da sana'a.

Malamin da ke kula da ɗaliban mutum ne mai ƙarancin magana, ba zai girme ni da yawa ba. Ɗalibai huɗu ne a hannunsa a wancan zangon, maza biyu mata biyu. A rana ta uku ya ce wa ɗaya daga cikin samarin ya tayar da Baffa daga kwance zuwa zaune. Yaron ya yi abin da ni da kai za mu yi in mun ga dattijo yana son tashi: ya miƙa hannu ya kama hannun Baffa na hagu zai ja. Kafin ya ja, malamin ya ce, "Dakata." Bai ɗaga murya ba, bai ƙara wata kalma a kai ba. Ya zo ya zare hannun yaron, ya sa shi a bayan allon kafaɗar Baffa, ya ɗora nasa a kai, suka mirgina shi ta gefe, suka sauko da ƙafafunsa, suka tayar da shi tare. Sai bayan an gama, a baranda, na ji yana tambayarsa me ke riƙe da ƙashin dantse a mazauninsa. Yaron ya jero tsokoki huɗu da sunayensu na Latin ba tare da ya numfasa ba. Malamin ya ce, "To, tun da ka sani, a wannan hannun su waye a farke?" Yaron ya yi shiru.

Abin da ke faruwa shi ne, kafaɗa ba ta da zurfin gurbi kamar ƙugu, tsokoki ne suke riƙe da ita. Idan shanyewa ta saki tsokokin, nauyin hannun kaɗai yana iya zamar da ƙashin ƙasa, balle a ce an ja shi. Jan minti guda yana iya jawo ciwon kafaɗa na watanni, wanda zai hana majinyaci barci, ya kuma hana shi motsa hannun da ake son ya motsa. Yaron nan ya san wannan, da a takarda aka tambaye shi da ya cinye makin duka. Amma saninsa yana ka, bai sauko hannu ba tukuna. Tsakanin kan ɗalibi da hannunsa akwai tazara, kuma a cikin wannan tazara ake ji wa mutane ciwo. Kalmar nan guda ta malamin ita ce ta tsaya tsakanin baffana da maraicin da Larabawa suke faɗa.

Wata rana kuma na ga yana koya wa ɗaya daga cikin 'yan matan yadda ake gane taurin da ke shiga gaɓa bayan shanyewa. Irin wannan tauri yana da hali: in ka miƙe gwiwar hannu a hankali sai ta bi ka, in ka yi sauri sai ta cije a hanya. Ya sa ta riƙe hannun Baffa, ya ɗora nasa hannun a kan nata, ya miƙe da sauri. Ya ce, "Kin ji?" Ta ce, "Ban ji ba, Malam." Suka sake. Suka kuma sakewa. A karo na huɗu sai fuskarta ta canza, ta ce, "Na ji, ya ɗan cije a nan." A nan ne malamin harshe ya motsa a cikina. Bahaushe da kalma ɗaya yake jin magana, ya ji ƙanshi, ya ji zafi, ya ji Larabci, ya ji maganar iyaye. Turanci yana rarraba waɗannan zuwa kalmomi daban-daban, mu kuwa mun haɗa su a cikin "ji". Abin da yarinyar nan ta samu a karo na huɗu ya tattara ma'anonin gaba ɗaya: ta ji da fata, ta gane da hankali, ta kuma karɓa daga wanda ya riga ta ji. Ba a rubuta wannan a allo, ba a aika shi ta waya.

Sai dai ba jiki kaɗai ɗaliban suke koyon karantawa ba. An koyar da su da Turanci, ga shi kuma za su yi aiki da Hausa. An koya musu su tambayi majinyaci ya kimanta ciwonsa daga sifili zuwa goma. Da aka yi wa Baffa wannan tambaya sai ya dube ni ya ce, "Dakta, yaran nan lissafi suke koya ko magani?" Duk kuma wanda ya tambaye shi jiki, amsa ɗaya ce, "Da sauƙi, alhamdu lillahi." Ɗaliban suka riƙa rubuta cewa ciwo ya ragu, alhali ni da nake kwana ɗaki ɗaya da shi na san bai runtsa ba. Ba ƙarya yake yi ba. A tarbiyyar da ya tashi a ciki, mara lafiya ba ya kai ƙarar Ubangijinsa wurin mutane, "da sauƙi" gaisuwa ce da godiya, ko mai shirin cikawa ita yake faɗa. Malamin ya bar su suka yi kwana biyu a haka, sannan ya zauna a bakin gadon ya ce, "Baba Alhaji, in ciwon shekaranjiya mudu ne cike, na yau ya kai ina?" Baffa ya yi dariya ya ce, "Ai yau ya yi tozo." Daga nan zance ya buɗe. Ya tambaye shi ko zugi ne, ko suka, ko raɗaɗi, ko tsami, ko kuwa sagewa ce kamar ta ƙafar da aka daɗe zaune a kanta. Kowace daga cikin kalmomin nan tana nuna wa masani wani abu dabam, domin ciwon da ke fitowa daga jijiya ba ɗaya yake da na gaɓa ko na tsoka ba. Na ga yarinyar nan ta juya bayan littafinta tana rubuta kalmomin ɗaya bayan ɗaya, kalmomin da ta tashi tana ji a bakin kakarta amma ba ta taɓa zaton ilimi ba ne.

Akwai kuma abin da ya fi wannan nauyi. A takardar da ɗaliban suka tsara, burin jinya shi ne Baffa ya yi tafiyar wasu mitoci da sanda cikin mako shida. Baffa yana yin abin da aka ce, amma ba da zuciya ɗaya ba. Ran nan malamin ya sallami ɗaliban, ya ce ni ma in ɗan ba su wuri. Da muka dawo gida Baffa ya yi ta juya magana, daga baya ya ce mini, "Mutumin nan ya san aikinsa." Ashe abin da ke cin ransa ba tafiya ba ce. Hannun hagu shi ne hannun tsarki. Dattijo mai 'ya'ya da jikoki, wanda ya je Makka, ya wayi gari sai an kama masa a bayi, wannan ne ya hana shi sakewa, kuma ba abu ba ne da zai faɗa a gaban yarinyar da yake kira jikata. Washegari aka sake tsarin. Aka soma koya masa yadda zai zauna ya tashi daga kujerar bayi shi kaɗai, yadda zai yi tsarki da alwala da hannun da ya rage masa, yadda zai yi salla a zaune kafin ƙafar ta yi ƙarfi. Malamin bai tona asirin dattijon ba, abin da ya ce wa ɗaliban kawai shi ne, kafin su rubuta wa mutum buri su tambaye shi me ya fi kewa a rayuwarsa ta da, in kuma ya yi shiru su san shirun ma amsa ce. Daga wannan mako Baffa ya riƙa tashina tun kafin lokaci don kada mu makara.

Duk lokacin da aka kawo sababbin ɗalibai, malamin yakan gaida Baffa, ya gaya masa cewa waɗannan masu koyo ne, ya nemi izininsa kafin su taɓa shi. A karo na biyu Baffa ya ce, "Wato ni ne allon." Malamin ya ce, "Kai ne malamin, Baba, ni gardi ne kawai." Aka yi dariya, amma maganar Baffa ta zauna mini. Almajiri in ya yi kuskure a allo sai ya wanke ya sake rubutawa. Jikin mutum ba ya wankuwa. Wanda ya ba da jikinsa aka koya a kai ya ba da abin da ba a biya da kuɗi, kuma in mun faɗi gaskiya, ba kowa ake nema ya ba da wannan aro ba. Mai hali yakan kama ɗaki na musamman, ko ya hau jirgi zuwa Masar ko Indiya, babban likita ne kaɗai zai taɓa shi. Talakan da ke kwance a babban ɗaki shi ne littafin da ake buɗewa. Na taɓa ganin, a wani wuri dabam, ɗalibai sun fi goma sun kewaye wata tsohuwa ba sallama, ana yaye mata zane ana bayani da Turanci, ita kuwa tana bin bakunansu da ido ko za ta tsinci kalmar da za ta gaya mata ko za ta tashi. Bambancin wannan wuri da ɗakin da aka yi jinyar Baffa ba na kayan aiki ba ne. Mutum guda ne ya tsaya a inda aka ajiye shi.

Da aka sallame mu, an ba mu takardar motsa jiki da zai riƙa yi a gida, da Turanci, da 'yan zane-zanen mutum-mutumi. Baffa ba ya karanta boko. Yarinyar nan da ta ji cijewar gwiwa ita ta nemi mu zauna, ni da ita, muka mayar da takardar Hausa layi-layi, muna gardama a kan ko "miƙe" za mu ce ko "saki", daga baya wani abokin Baffa ya kwafe ta da ajami. Da wannan takarda ya koma Kontagora.

A nan ne na ga ɗaya fuskar al'amarin. Kontagora ba ƙauye ba ce. Gari ne na Sarkin Sudan, wanda Umaru Nagwamatse ya kafa, mahaɗar hanyoyi ce, kasuwarta kuma tana tara Hausawa da Fulani da Kambari da Dukawa da Dakarkari da Gwari, Hausa ce ke haɗa su ciniki. Duk abin da ke kai mutum ɗakin gashi yana nan: hawan jini da ke kayar da dattawa, haɗarin mota da na babur da ke karya samari, yaran da shawarar jarirai ko doguwar naƙuda ta taɓa musu ƙwaƙwalwa, yaran da aka yi wa allura a gurbin da bai dace ba a ɗuwawu ƙafar ta saki. A watan Agustan 2020 aka ba da shaidar cewa an kawar da ƙwayar shan inna ta asali daga Afirka, abin farin ciki ne ƙwarai, amma shaidar ba ta miƙe ƙafar waɗanda cutar ta riga ta taɓa ba, suna nan tare da mu. Masu aikin fisiyo kuwa, kamar sauran ƙwararru, sun fi taruwa a manyan asibitocin manyan birane. Mutumin da ke buƙatar a gan shi sau biyu a mako na tsawon watanni ba zai iya bin hanyar Tegina zuwa Minna ko Kaduna kowane mako ba, ga kuɗin mota, ga halin da hanyoyin suke ciki. Baffa yana da ɗa a birni. Maƙwabcinsa da irin wannan ciwo ya kama ba shi da kowa, yana nan kwance a zaure, hannunsa ya dunƙule ya manne da ƙirji.

Wanda ke kusa da irin waɗannan mutane shi ne maɗori. Ba na cikin masu raina maɗora. Sun san mutanensu, suna jin harshensu, suna zuwa har gida, suna karɓar abin da ya samu. Abin lura ma shi ne, su ma da wannan hanyar suke koyo: ɗa yana riƙe ƙafa uba yana ja, shekara da shekaru, kafin a bar shi ya ɗora shi kaɗai. Amma likitocin ƙashi a ƙasar nan sun daɗe suna kokawa da ɗaurin da ake tamkewa har jini ya daina gudana, hannun yaro ya ruɓe sai an yanke, da kuma gaɓoɓin da ake barin su a ɗaure har su sanƙare. Maɗori yana da hannu da idon uba, littafin ne babu. Ɗalibin jami'a yana da littafi, hannun ne bai nuna ba. Sana'ar ba ta cika sai an haɗa ukun.

Saboda haka ina ganin ya kamata jami'o'in da ke koyar da wannan fanni su ƙara nisa da ɗalibansu, su riƙa kai su garuruwa irin Kontagora su yi makonni, su ga majinyaci a ɗakinsa, a kan tabarmarsa, su ga dokin ƙofar da zai tsallake da bayin da zai shiga, su koyi yin aiki da buhun yashi da gora da igiya a inda babu na'ura babu wuta. Wanda ya san gari tun yana ɗalibi ya fi saurin yarda ya dawo cikinsa aiki. Amma da sharaɗi guda, kuma saboda sharaɗin na rubuta wannan maƙala: kada a tura su su kaɗai. Mu 'yan Kontagora mun san wannan tsari ta wata fuskar. Tun da aka kafa kwalejin horon malamai ta tarayya a garin a 1978 muka saba ganin ɗalibai masu koyon aikin koyarwa, ni kaina sun koyar da ni a firamare, kuma ko muna yara muna gane ranar da mai duba su zai zo, domin ranar darasi yakan yi kyau. A aikinmu na jami'a ma kowa ya san akwai mai dubawa da ke zama a bayan aji daga farko har ƙarshe, akwai kuma wanda ke sa hannu a takarda daga cikin mota. In aka yi wa ɗalibin koyarwa irin wannan sa hannu, yara sun yi asarar darasi, wani malamin zai iya gyarawa baɗi. In aka yi wa ɗalibin fisiyo, kafaɗar wani ce. Daɗin daɗawa, a garin da ƙwararru suka yi ƙaranci, duk wanda ya sa farar riga likita ne, ba mai tambayarsa aji nawa yake, ba kuma mai ce masa dakata.

Mu ma da muke sashen Hausa muna da namu kason, kada mu zaci zancen na mutanen asibiti ne kawai. Kalmomin ciwo da yarinyar nan ta rubuta a bayan littafinta suna bakin tsofaffinmu, sun kuma bambanta daga Kano zuwa Sakkwato zuwa Kontagora, ba a tattara su yadda ya kamata ba. Ɗalibanmu da ke neman abin da za su rubuta kundin kammala digiri a kai, ga fage nan: sunayen gaɓoɓi da na motsi, yadda Bahaushe ke faɗin ciwo da yadda yake ɓoye shi, kalmomin maɗora da na ungozomai. Takardar motsa jiki da aka rubuta da Hausa mai kyau, da boko da ajami, ba ta gaza waƙa daraja ba in ta sa dattijo ya ɗaga hannunsa sau goma safe da yamma. Zai yi kyau a ce ɗalibin fisiyo, kafin ya shiga asibiti, ya zauna ko da na 'yan makonni ne da malamin harshe, ya koyi yadda ake tambayar surukar wani inda ke mata ciwo ba tare da an sa ta rufe fuska ba.

Baffa yanzu yana zuwa masallacin unguwa da sanda, yana jan ƙafar kaɗan, yana salla a kan kujera a ƙarshen sahu. Hannun bai dawo duka ba, yatsun ba sa buɗewa sosai, amma yana tallafe buta da shi, kuma ba mai raka shi bayi. Ya koma zama a rumfarsa, yaransa suna awo yana kallon mudun. Duk lokacin da na je gida sai ya tambaye ni ko yaran nan sun gama, ko an ba su aiki, ko akwai wanda za a turo wajenmu. Takardar ajamin tana nan a aljihun gaban rigarsa, ta yi laushi saboda naɗewa, ya kuma sa an kwafa wa maƙwabcin nan nasa, jikan mutumin yana miƙe masa yatsu da yamma gwargwadon abin da ya fahimta.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya saka wa waɗanda suka ba da jikinsu aka koya, ya kuma ba malamai haƙurin tsayawa a kan ɗalibansu har hannunsu ya nuna.